NUMFASHIN KUMATU

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun safe, na ji, ku sassauta min. Mun bar Auta, nas ɗinmu ta ɗakin yara, an aiko kiranta ana tsakiyar aiki, ga layin iyaye mata har bakin ƙofa. To ku gyara zama.

Ba ofishin Oga, shugaban asibitin, aka kai ta ba. Ɗakin ajiye fayil aka nuna mata, wanda ke bayan ɗakin magani, mai taga ɗaya da fankar da ta manta yadda ake juyawa. Tun daga nan gaban Auta ya fara faɗuwa, don wanda za a yaba wa ba a kiransa ɗakin fayil.

Likitar bincike tana zaune, ta baje takardu a kan tebur. Sau ɗaya take zuwa a wata daga birni, ta duba fom ɗin binciken da ake yi a kan tarin yara, ta koma. Ma'aikata a bayan idonta Jan Biro suke ce mata, saboda duk takardar da ta bi ta hannunta sai ta fito kamar an yanka kaza a kai. Ba ta da faɗa, ba ta ɗaga murya. Wannan ɗin ne ma abin tsoro a wurinta.

"Rufe ƙofar, Sista. Zauna."

Auta ta zauna a gefen kujera.

"Faɗa min ƙa'idar aikin nan, yadda muka koya muku."

Auta ta ce, "Duk yaron da aka kawo da tari, a bari ya natsu, a ɗaga masa riga, a danna agogo, a ƙirga numfashinsa."

"Na tsawon nawa?"

"Minti ɗaya."

"Cif?"

"Cif, Likita."

"In daga wata biyu ne zuwa shekara fa?"

"In ya kai hamsin, nimoniya ce, ciwon huhu, a ba shi magani nan take. In bai kai ba, mura ce, ya tafi gida, a dawo da shi rana ta uku a sake dubawa."

"Madalla. Ko ni ba zan faɗe shi fiye da haka ba."

Ta turo mata takarda ɗaya. "Wannan ta Sistar yamma ce. Karanta min lambobin da ƙarfi."

"Arba'in da bakwai. Hamsin da uku. Talatin da tara. Hamsin da ɗaya."

Ta turo wata. "Wannan kuma taki ce."

"Arba'in da huɗu. Hamsin da biyu. Talatin da shida. Arba'in da takwas. Arba'in. Hamsin da shida…"

"Ci gaba mana."

Auta ta ajiye takardar a kan tebur.

Jan Biro ta cire tabarau ta ajiye. "Yara ɗari biyu da goma sha ɗaya kika ƙirga a wata biyun nan. Babu ko ɗaya mai arba'in da bakwai. Babu mai hamsin da ɗaya. Duk lambar da kika rubuta, in an raba ta gida huɗu tana rabuwa ba saura. Ko dai yaran safe sun haɗa baki ne, ko kuma akwai abin da za ki gaya min."

Zufa ta karyo wa Auta har cikin takalmi.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ita ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙarya ba. Ita kaɗai ce a ɗakin yara da safe. Uwa sittin a kan benci, yaron wannan na kuka, na waccan na amai, wata na zaginta wai ta bar tukunya a wuta. Minti ɗaya a baki ba komai ba ne, amma ka tsaya kana kallon cikin jariri alhali mutum sittin na kallon ƙeyarka, sai ka rantse awa guda ce. Wata rana sai ta tuna dabarar da ake yi wa manya in ana duba bugun jini: a ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar, a ninka sau huɗu. Ta gwada, layi ya yi sauri, har Oga ya yaba mata a gaban kowa. Shi ke nan hannu ya saba.

"Daƙiƙa goma sha biyar nake yi," ta ce a hankali. "In ninka."

"Tun yaushe?"

"Tun… wata biyu ke nan."

"Kin san me ya sa muka ce minti ɗaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Jariri ba inji ba ne, Sista. Yana ja da sauri, ya ɗan tsaya, ya sake ja. In kika faɗa kan lokacin da ya tsaya, sha biyu za ki samu. Sha biyu sau huɗu, arba'in da takwas, ki ce mura ce. Da kin samu sha uku, hamsin da biyu ke nan, da an ba shi magani. Numfashi ɗaya tak ne tsakaninsu."

"Likita, don Allah, aikina…"

"Bar maganar aikinki. Bar maganar bincikena ma, duk da kin zubar min da wahalar wata biyu. Wannan za a yi shi daga baya, kuma ba zan ɓoye wa kowa ba. Yanzu yara nake nema."

Ta ɗauko wasu fom da ta ware daban, ta maƙale su da fil.

"Waɗannan bakwai ne, duk 'yan ƙasa da shekara, duk kin rubuta musu arba'in da takwas kin sallame su. Shida sun dawo rana ta uku, Sistar yamma ta gan su, iyayensu sun sa hannu. Biyu daga ciki ma ta ba su magani, Allah ya kiyaye."

Ta zare na ƙarshe ta ɗora a sama.

"Wannan ta bakwai, mace, wata takwas. An cike mata fom ɗin rana ta uku, an rubuta ta samu sauƙi. Rubutunki ne. Amma babu sa hannun uwa, kuma sunanta ba ya cikin littafin bakin ƙofa na ranar. Kin gan ta da idonki?"

Auta ba ta buƙaci karanta sunan ba. Tun daga lambar fom ɗin ta gane wace ce.

Kumatu ce. 'Yar Yayanta, wadda aka yi shekara tara ana roƙon Allah kafin ta zo. Auta ce ma ta laƙaba mata sunan, saboda kumatun nan da in ta yi dariya sai idanunta su ɓace. Ranar da Anti, matar Yaya, ta kawo ta da tari, Auta ta ɗauke ta tana mata wasa, ta ɗaga rigar, ta ƙirga sha biyu tana hira, ta rubuta. Har da dariya ta ce, "Anti ke ma dai, mura ce. Kar ma ki wahalar da kanki ki dawo jibi, zan biyo gida in duba ta." Jibin ya zo aiki ya sha kanta, ta kira a waya, Anti ta ce da sauƙi, ita kuma ta cike fom.

"Na ga fuskarki ta sauya. Wace ce?"

"'Yar yayana ce."

Jan Biro ta ɗora yatsa a kan fom ɗin. "Kin gan ta rana ta uku?"

"A waya na tambaya."

"Yau kwana nawa?"

"Biyar."

"Kira uwar. Yanzu. Ki buɗe murya in ji."

Auta ta ciro waya ta danna lambar Anti. Ta yi ta ringi kamar ba za a ɗauka ba.

"Salamu alaikum, Autarmu! Ai kuwa kamar kin san ina son kiranki."

"Anti, ya Kumatu?"

"To, ga ta nan dai. Ta yi sanyi, ba ta rigimar nan kuma. Tun jiya da yamma ta ƙi kama nono, sai ta kama ta saki. Na ce wa Yayanki mu kira ki, ya ce in bar ki ki yi aikinki, tunda ke da bakinki kin ce mura ce."

Auta ta dafe tebur.

Jan Biro ta matso kusa da wayar. "Sannu, Maman yarinya. Ni likita ce, muna tare da ƙanwar mijinki. Tana kuka?"

"A'a, Likita, ai ta daina kukan ma. Sai wani ɗan nishi da take yi."

"Kai wayar kusa da bakinta, ki yi shiru."

Aka ji ƙarar zani, aka ji motsin gado. Sai sautin ya shigo ɗakin fayil, ƙarami, da sauri da sauri, kowane numfashi da ɗan gurnani a ƙarshensa kamar mai ɗaga kaya mai nauyi.

Ihh. Ihh. Ihh. Ihh.

Auta ta san sautin nan. Ta taɓa jinsa sau uku a aikinta, kuma ta san yadda biyu suka ƙare.

Jan Biro ta riga ta miƙe, tana zuba abubuwa a jaka. "Maman yarinya, kar ki kwantar da ita. Ɗauke ta ki jingina ta a ƙirjinki, kanta a sama. Kar ki ba ta ruwa, kar ki ɗura mata komai. Ga mu nan."

"Lafiya dai ko, Likita?"

"Ga mu nan," ta sake cewa, ta katse.

A baranda ta tare mai ɗakin magani. "Silindar oksijin ɗinku, ƙaramar?"

"Ai ta ƙare tun wancan makon, Likita, mun rubuta a kawo wata."

"Injin da ke ba da oksijin fa?"

"Sai da wuta. Kuma tun asuba aka ɗauke, janareto ba mai."

Jan Biro ta rufe ido ta buɗe. Ta karɓi allura da ruwan haɗi ta jefa a jaka. Iyayen da ke layi suka ga nas ɗinsu ta wuce da gudu, suka ɗau ƙorafi, Auta ko jinsu ba ta yi.

A motar bincike Direba bai tambayi komai ba, fuskokinsu sun ishe shi. Tafiyar da Auta ke yi kullum ba ta ji ba, yau ta zama doguwa. Kowane rami sai ta ji shi a haƙoranta. Bakinta na motsi, amma ko ita ba ta san addu'ar da take karantawa ba.

"Likita," ta ce, "za ki gaya musu?"

"Ba ni zan gaya musu ba."

"Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu. Shi ya tsaya min har na gama makarantar jinya. Ranar da aka ba ni farar riga kuka ya yi a gaban mutane. In ya ji…"

"Sista, share hawayenki. Hannunki nake buƙata yanzu, kuma hannun da ke rawa ba ya samun jijiyar jariri."

Shagon kafinta na Yaya a jikin gidan yake. Yana ganin mota ya fito, garin katako har a gira, yana washe baki.

"A'a! Yau manya ne a gidana? Auta, kin zo da ogarki ba ki ce a share tsakar gida ba?"

Auta ta wuce shi ba ko gaisuwa. Dariyar ta tsaya a fuskarsa, ya bi bayansu.

Ɗakin a rufe yake ruf, an sa labule, an lulluɓe yarinyar da bargo biyu don kar sanyi ya ƙara shigarta. Jan Biro ta yaye labulen, ta zare bargon, ta ɗaga rigar.

Ido ya raina fata.

Kumatun nan sun zube. Hancinta na buɗewa yana rufewa. Duk jan numfashi sai ƙasan haƙarƙarinta ya lotsa ciki, har kana iya ƙirga ƙasusuwan. Idanunta a buɗe kaɗan, amma ba ta kallon kowa. Auta ta kira ta da muryar wasan da ta saba, "Kumatuna, Kumatun Auta," yarinyar ko juyowa ba ta yi ba.

Jan Biro ta maƙala mata ɗan abin auna iska a babban yatsan ƙafa. Lambar ta yi rawa, ta tsaya.

Tamanin da ɗaya.

"Nawa ya kamata ya nuna?" in ji Yaya daga bakin ƙofa.

Jan Biro ta buɗe jakarta.

"Auta, da ke nake. Nawa ya kamata ya nuna?"

"Sama da casa'in, Yaya."

Anti ta fara salati, muryarta na karyewa. "Amma mura ce fa. Auta, ba mura kika ce ba? Ni wallahi duk abin da kika ce shi na yi. Ruwan ɗumi, lulluɓi, ban fita da ita ko ƙofar gida ba."

"Ba laifinki ba ne, Maman yarinya," in ji Jan Biro tana haɗa allura. "Nimoniya ce, ta yi ƙarfi. Sista, riƙe min cinyarta."

Allurar ta shiga. Kumatu, wadda in ƙuda ya sauka mata sai unguwa ta ji, ko ɗan kuka ba ta yi ba. Wannan shirun ya fi komai tsorata Auta.

"Babban asibiti za mu, can ne kawai ke da oksijin. Minti arba'in ne in hanya ta yi kyau. Kar ku ɗauki komai, ku fito."

Yaya ya fito da takalmi ƙafa ɗaya, shagon ma a buɗe ya bar shi. Jan Biro ta shiga gaba, waya a kunne tana neman likitan da ke aiki a can. Kafin Direba ya ja, ta juyo ta kama hannun Auta.

"Ke ce a kusa da ita. Ki bar rigar a ɗage. Idonki a kan ƙirjinta, kar ki ɗauke ko na ƙiftawa. In wani abu ya canza ki kira ni. Kin ji?"

"Na ji, Likita."

Anti a tsakiya da yarinya a jikinta, Auta a dama, Yaya a hagu. Mota ta ɗau hanya, gurnanin nan yana tafiya tare da su.

Ihh. Ihh. Ihh.

Auta ta kafa ido a kan ɗan ƙirjin. Yana shiga, yana fita. Yana shiga, yana fita.

A gaba Jan Biro na ta fama da waya. "E, wata takwas. Tamanin da ɗaya. A'a, ba mu da shi a mota. Ku tanadar min gado, ku fito da silinda bakin ƙofa. Alo? Alo, kana jina?"

Yaya ya miƙo hannu ta bayan matarsa ya dafa kafaɗar Auta.

"Allah ya yi miki albarka, Auta."

Ta ji kamar ya watsa mata tafasasshen ruwa.

"Da ba ke a asibitin nan ba, wa zai ɗauko babbar likita ya kawo ta har ɗakina? Ni ne na yi wauta. Ita ta ce a kira ki tun jiya, na hana. Ni na hana, Auta. In wani abu ya sami yarinyar nan, ni na kashe ta da bakina."

"Yaya, daina."

"Gaskiya ce ai. Ciwon ne ya juya daga baya, ke kin yi naki, kin duba ta da kyau…"

"Yaya, don girman Allah ka daina!"

Ya juyo yana kallonta. Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya ba.

Da zagi ya yi, da ta jure. Amma mutumin nan da hawaye ke wanke garin katakon fuskarsa, yana ɗaukar kayan da ba nasa ba yana ɗora wa kansa, wannan ta kasa. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi.

"Ban duba ta da kyau ba."

"Me?"

"Minti ɗaya aka ce in ƙirga numfashinta. Ban ƙirga ba. Na yi rabin rabi na ninka, ina hira, ina mata wasa. Wataƙila tun ranar ciwon na jikinta. Da na ƙirga daidai, da tun ranar ta fara shan magani."

Hannunsa ya sauka daga kafaɗarta a hankali.

"Kuma na ce zan biyo in duba ta, ban zo ba. Na rubuta a takarda cewa na gan ta ta warke. Ba kai ba ne, Yaya. Ni ce."

Yana mata wani kallo da bai taɓa yi mata ba, irin wanda ake yi wa baƙon da aka tsinta a cikin ɗaki.

"Minti ɗaya?" ya ce da ƙyar. "Auta, minti ɗaya ne ba ki da shi? Wa Kumatu?"

"Yaya, ka yafe…"

"Auta."

Anti ce. Da alama ba ta ji ko kalma ɗaya daga maganarsu ba. Muryarta a sanyaye, har da ɗan murmushi a ciki.

"Auta, ina jin allurar ta fara aiki. Kin ji ta daina nishin nan. Barci ta samu ko?"

Sai a lokacin Auta ta tuna inda aka ce ta ajiye idonta.